Titin Hasbiya

Kwana uku Aldous bai taɓa bindiga ba.
Sai ya tsai da tsohuwar motarsa a gindin shinge,
ya tsiyaya shayi a murfin fulas,
ya kafa wa sama ido kamar mai bin ta bashi.
Na ce, Kawu, sha'ir fa yana ƙarewa.
Ya ce, mai gaggawa iska yake harbi, Rowan.
Tsuntsu ma da titinsa,
ba a zuba masa kwalta ba, amma ba ya sakin hanya.

Ran na uku na gani da idona.
Daga kurmin bayan coci suke tasowa,
su bi turakun lantarki ɗaya bayan ɗaya,
su karya dama a kan itacen da tsawa ta tsage,
sannan su zubo
inda ruwan Yuli ya kwantar da hatsin Hilda Gotts
kamar an shimfiɗa musu tabarma.
Toka-toka ne, da farin tabo a wuya,
kai ka ce dattawa ne suka zo ɗaurin aure
ba wanda ya gayyace su.

Hilda ta zo da takalmin roba har gwiwa,
ta tsinki zangarniya ɗaya, ta murza a tafi.
Ƙaiƙayi.
Ba ta ce komai ba, ta hure shi, ta koma.

Da hantsi muka kafa raga a cikin ƙaya,
iskar Norfolk tana dukan ƙeyarmu.
Aldous ya jera tsuntsayen roba goma sha biyu,
kowanne baki ga iska,
ya bar fili a tsakiya, masaukin baƙi.
Kada ka ɗaga fuska, in ji shi,
farin goshinka ya fi ƙarar bindiga tashin hankali.
Tansy ta kwanta a kan ƙafata, jikinta na ɓari.

Shiru.
Ƙuda. Ƙamshin danshi. Gwiwa ta fara tsami.

Sai ga ɗaya ta naɗe fiffike,
ta miƙo jajayen ƙafafu za ta sauka cikin 'yan'uwan ƙarya.
Na tashi. Kafaɗata ta amsa.
Gashi ya tsaya a sama bayan ita ta faɗi,
yana saukowa a hankali, bai san an gama ba.
Sauran suka tafa fiffike, kaf-kaf-kaf,
gona duka ta ɗaga ta zama gajimare.

Aldous bai harba ko sau ɗaya ba.
Idon hagu ya yi hazo tun bara,
ya ɓoye wa kowa, ni ma ban tona ba.
Da kunne yake farauta yanzu:
Biyu daga hagunka. Bari ta farko ta wuce.
Yanzu.

Goma sha tara muka tara da la'asar,
daga cikin dubu, ko fiye.
Ya fasa jakar wuyan ɗaya da babban yatsa,
ƙwayar sha'ir ta zubo masa a hannu, da ɗuminta,
ko ɗaya ba ta narke ba.
Ka ga gumin Hilda, in ji shi.
Ya daɗe yana kallo.
Ita ma dai yunwa ce ta kawo ta.
Ya watsa ƙwayar cikin gona, ya goge hannu a wando.

Muna loda buhu na waiga yamma.
Ga su can, layi guda, ba ko gargada,
sun tsallake rafi,
suna sauka a kan waken Thirkettle.

Aldous ya yi dariyar da ta koma tari.
Gobe da sassafe wayata za ta yi ƙara, ya ce.
Ka wanke fulas.